Hoto na Talatin da Shida

Matar tana ko'ina. Tana bangon tashar mota, tana bayan littafin rubutun 'yan makaranta, tana kan kalandar da gwamnati ke rabawa duk farkon shekara. Bakinta a buɗe, jijiyoyin wuyanta sun tashi, hannunta na dama ya ɗaga wani farin ƙyalle sama, bayanta hayaƙi da kawunan mutane. Ko wanda bai iya karatu ba ka nuna wa, zai ce maka Uwar Juyi ce, ranar da jama'a suka ɓalle ƙofar gidan gwamnati suka kori masu mulkin da. Shekara talatin ke nan, ba ta rufe bakin ba, ba ta sauke hannun ba.

Wanda ya ɗauki hoton, tsohon da ake kira Walƙiya saboda fitilar kyamararsa ta da can, shi ne yau ya kasa zama. Tun da aka buɗe shagon hoton da safe ya gwada kujera uku, babu wadda ya bari ta yi ɗumi. Ya leƙa titi, ya dawo, ya gyara firam ɗin da ba a karkace yake ba, ya sake leƙa titi.

"Baba, don Allah ka tsaya wuri ɗaya," in ji Auta, 'yarsa, wadda shagon ya koma hannunta tun da idonsa ya fara rauni. "Jiri kake sa ni."

"Ƙafata ce ta yi tsami."

"Ƙafar da ta yi tsami ce ta zagaye shagon nan sau goma?"

Idonsa na kan gwangwanin alewar da ke gabanta. Gidan tarihi zai yi nunin hotuna ranar Asabar, nan da kwana huɗu, don cikar juyin shekara talatin, kuma Daraktan gidan ya aiko yana so a buga hoton ya cika bango guda. Hoto mai girma haka ba ya fita daga kwafin jarida, sai an koma ga ainihin fim ɗin, ɗan baƙin zirin nan da ake ɗagawa a haske. Duk tsawon shekarun nan, wanda ya nemi hoton bugaggen kwafi Walƙiya ke ba shi. Fim ɗin yana cikin gwangwanin, an naɗe shi da takarda, an rubuta 36 a jiki. Jiya Auta ta tono shi a ƙasan akwatin uban ba tare da ta tambaya ba, halinta ke nan tun tana ƙarama.

Ta riƙo shi ta gefe da yatsu biyu kamar yadda ya koya mata, ta sa a na'urar kwafewa. Na'urar ta yi gurnaninta. Hoton ya bayyana a kwamfuta, Auta ta matso da fuskarta, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Baba, wannan ya fi hotonka faɗi."

Ya fi shi faɗi kam. Ta gefen hagu, inda kowa ya san hoton ya ƙare, akwai mutum. Rigar direbobin gwamnati ce a jikinsa, mai maɓallan ƙarfe. Hannaye biyar sun riƙe shi ta wuya da kafaɗa, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, kansa ya waiwayo. A hoton da aka sani, Uwar Juyi gidan gwamnati take fuskanta. A wannan kuwa, ko makaho ya shafa ya san mutumin nan take kallo, kuma shi take wa ihu.

"Wane ne?" Auta ta tambaya.

"Mijinta. Daga baya na ji."

"Me suke yi masa?"

"Kina da ido."

Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. Walƙiya ya koma bakin ƙofa, ya ba ta baya, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa ko uwarta ba. A ranar ya kai hoton gidan jarida tun takardar ba ta gama bushewa ba. Edita, Allah ya ji ƙansa, ya duba ya daɗe, sannan ya ciro jan fensir daga bayan kunnensa ya ja layi daga sama har ƙasa. Ya ce jama'a sun zubar da jini a ranar, ba za a ba maƙiya abin magana ba. Ya ce wannan gefen sai wani lokaci.

"Kai kuma ka yarda?"

"Shekarata ashirin da shida, kuma hotona zai fito a shafin farko." Ya juyo ya dube ta. "Na yarda mana. Har godiya na yi masa."

Auta ta mayar da idonta kan kwamfutar.

"To wanne zan aika wa Darakta? Mai layin ko marar layin?"

Walƙiya ya zo ya buɗe na'urar, ya cire fim ɗin, ya naɗe a takardarsa ya sa a aljihun gaba. Ya ce yanzu zai dawo.

Gidan matar ya sani. Wa bai sani ba? Duk shekara kwamitin biki na aika mata takardar gayyata da kalanda, duk shekara kujerarta na zama ba kowa. Shi kansa ya sha isowa bakin layin, sai ya tuna wani aiki ya juya. Yau ma ƙafarsa ta so ta yi masa haka. Kafin ya isa ya wuce hotonta sau uku, a bangon makaranta, a bayan wata motar haya, da jikin rigar wani saurayi mai sayar da katin waya.

Ɗaki ɗaya ne a bayan jerin shaguna, ƙofar a buɗe, ƙamshin tufafi masu zafi na fitowa. A layin ba a ce mata Uwar Juyi, Mai Guga ake ce mata. Tana tsaye gaban dogon tebur, ta tsufa, ta ranƙwafa, amma wuyan nan yana nan. Kayan mutane an jera su a ninke har kusa da taga. A bango ƙusa ɗaya ce tak, kalandar gwamnati ta bana na rataye a jiki, ta yi wa wasu ranaku alama da biro.

Ya yi sallama. Ta amsa ba ta ɗago ba, sai da ta kai ƙarshen hannun rigar da take gogewa.

"Mai hoto," ta ce. "Yau ka shigo? Na saba ganin ƙeyarka a bakin layi."

"Kin san ni ashe."

"Ka sa duniya ta san ni, ni ba zan san ka ba? Ga kujera can, ɗauke wandunan."

Ya ɗauke wandunan, ya zauna, ya tashi. Ya ciro fim ɗin ya yi mata bayani, bayanin yana ta karkacewa. Ya ce hoton da ta sani ba duka ba ne. Ya ce akwai gefe. Ya ce maigidanta yana ciki.

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye. Ta goge hannu da zaninta sau biyu.

"Riga ce," ta ce.

"Na'am?"

"Abin da ke hannuna. Tuta suke cewa, riga ce. Ya fita da safe zai mayar da makullin mota, wai kar a ce ya gudu da kayan gwamnati. Ka ji wauta? Gari na cin wuta shi makulli ne ya dame shi. Da na ji ana cewa duk mai rigar gwamnati ya shiga uku, sai na ɗauki farar rigarsa da na goge, na bi shi da gudu ya canza. Da na hango sun riƙe shi, na ɗaga ina cewa direba ne, ga rigarsa ta gida, direba ne kawai." Ta ɗauki dutsen ta sake ajiyewa. "Wa zai ji?"

"Ba ki taɓa faɗa ba?"

"Kai! 'Yan jarida uku na gaya wa. Ɗaya ya rubuta wai na yaga rigar mijina na yi tuta da ita. Daga nan na kama bakina na kama gugata."

Walƙiya ya ji kunya irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Ya ce ranar Asabar za a buga hoton ya cika bango, kuma idan ta yarda zai sa a buga shi duka, kowa ya gani.

"Wannan tsakaninka da su ne." Ta zuba masa ido. "Ni tambayata ɗaya. Ka ga inda suka kai shi?"

Wannan tambayar ce ta hana shi shiga layin shekara talatin.

"Ban gani ba, baiwar Allah. Fim ɗin hoto talatin da shida yake ɗauka, naki ne na ƙarshe. Na sunkuya ina canza wani. Da na ɗago babu shi."

"Canza fim," ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗana maganar. "Ni ture ni aka yi na faɗi. Da na tashi babu shi." Ta kalli ɗan baƙin zirin da ke hannunsa. "Fuskarsa ta fito?"

"Ta fito."

"Ba ni da hotonsa ko ɗaya. Na katin aiki yana aljihunsa ya tafi da shi. Na aurenmu kuwa da rigar aikin ya ɗauka, don yana ji da maɓallan nan. Bayan juyi maƙwabta suka ce in ƙone kafin a zo bincike, ni kuma na ƙone. Ba wanda ya zo. Yanzu duk inda na juya fuskata nake gani, shi kuwa in na rufe ido sai maɓallan." Ta nuna fim ɗin da yatsa. "Ka ciro min fuskar. Ita kaɗai. Ba na son hannayen."

Da ya koma shago, ya miƙa wa Auta fim ɗin ya ce ta sake kwafewa, ta aika marar layin. Ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa, layi huɗu, yana faɗin wane ne mutumin da abin da ake yi masa da abin da ke hannun matar. Ya sa hannu, ya ce ta haɗa da shi. Auta ta karanta, ta dube shi, ta ce, "Baba, ka san ba za su sake kiranka gwarzo ba."

"Aika kawai."

Washegari ya buɗe ɗakin wanke hoto da ke bayan shagon, wanda ya shekara bakwai a kulle ya zama ma'ajiyar kwalaye. Ya share, ya haɗa ruwan magani a faranti uku, ya kunna jan ƙwan fitila. Ya sa fim ɗin a tsohon injin bugawa, ya ɗaga kan injin har ƙarshe, fuskar direban ta faɗo kan allo, dishi-dishi. Ya matso da ƙarafunan da ake rufe gefen hoto da su, na dama, na ƙasa, na hagu. Hannaye huɗu suka fita. Na biyar ya ƙi, don yatsun suna kan kwalar rigar, dab da haɓa. Takarda shida ya ɓata. A ta bakwai ya rufe fuskar da tafinsa, ya bar haske ya ci kusurwar har yatsun suka nutse cikin baƙi. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi zauren gidan tarihi ya cika. Walƙiya ya shiga da ɗan firam ɗin a cikin ambulan, a ƙarƙashin hammata, Auta na biye. Hoton ya ci bango guda kamar yadda aka ce, duka, ba a yanke komai ba. Direban ya fi mutum tsawo. Mutane sun yi cirko-cirko a gabansa, wata mata tana share hawaye. Walƙiya ya kutsa gaba ya karanta bayanin da aka liƙa a ƙasa.

An rubuta: Uwar Juyi tana ɗaga tuta, yayin da jama'a ke ceton wani da ya ji rauni.

Ya karanta sau biyu. Ya waiga ya hango Darakta, matashi mai fara'a da katin suna a wuya, ya kamo hannun rigarsa.

"Na aiko da takarda."

"Mun gani, Baba, mun gode. Kwamiti ya zauna a kai." Darakta ya rage murya cikin ladabi. "Shekara talatin ba kwana talatin ba ne, mutum kan manta. Kuma ga abu a fili. Dubi yadda suka tallabe shi. Dubi na bayan nan, kamar ɗan'uwansa."

Walƙiya ya ɗaga kai ya duba. Abin da ya tsorata shi, ya gani. Idan ka fara karanta rubutun sannan ka ɗago, hannayen tallabe mutumin suke yi. Shi da ya tsaya a wurin, shi da ya ji ƙarar yagewar rigar da kunnensa, sai da ya yi daƙiƙa biyu yana ganin ceto. Gefensa wata malamar makaranta na nuna wa ɗalibanta da tsinin biro, tana cewa su ga yadda juyin ya kasance, ba a bar kowa a baya ba.

"Ba ceto ba ne!" Muryarsa ta fita fiye da yadda ya nufa. Ya ɗaga hannu yana nuna bangon. "Duka ne! Direba ne, kuma wannan riga ce!"

"Kai, ga Walƙiya nan!" wani ya faɗa daga baya. "Shi ya ɗauka!"

Tafi ya ɓarke. Wayoyi suka tashi sama kamar an haɗa baki, kowa na ɗaukar tsohon, bakinsa a buɗe, hannunsa a sama, a gaban hotonsa. Auta ta ja shi ta hannu ta fitar da shi ta ƙofar gefe. A waje ta ce za ta sa takardar tasa a shafinta na waya kowa ya karanta. Ya ce ta sa. Ta ce za ta raka shi wurin Mai Guga. Ya ce a'a.

Mai Guga tana inda ya bar ta, sai dai kayan kan teburin sun canza. Wannan karon bai jira an ba shi kujera ba, kuma bai zauna ba. Ya gaya mata an buga duka. Ya gaya mata abin da aka rubuta a ƙasa.

"Ceto suka ce?"

"Ceto."

"Hm." Ta zare wayar dutsen gugar daga bango. "Ai da ceton ne da ya dawo ya sa rigarsa. Kawo in gani."

Ya ciro firam ɗin daga ambulan. Ta karɓa da hannu biyu ta kai bakin taga. Fuska ce ta mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya waiwayo, gira a ɗage, baki ya ɗan buɗe kamar wanda aka kira sunansa a kasuwa. Ta daɗe tana kallo. Ta goge gilashin da bakin zaninta duk da ba ƙura a kai.

"Ashe kunnuwansa manya ne," ta ce. "Na manta." Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Ta karkata firam ɗin, ta bi kusurwoyin da ido. "Hannayen fa?"

"Na cire."

"Ko alama babu." Ta gyaɗa kai. "Lallai ka iya aikinka."

Da zagi ta yi masa, da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya yana murza ambulan ɗin da ba komai a ciki.

Ta dubi bangon ɗakin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙusar ɗaya ce. Ta je ta sauke kalandar gwamnati, ta rataya direban, ta ja baya, ta dawo ta gyara shi ya daidaita.

"Riƙe min wannan," ta ce, ta miƙa masa kalandar ba ta waiwayo ba.

Walƙiya ya karɓa. Ya duba teburin, kayan mutane ne. Ya duba kujerar, wanduna ne. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin da Uwar Juyi a hannunsa, yana neman inda zai ajiye ta.